Ba kowace ɗaukewar sha'awa ba ce sanyi, kuma ba kowace ba ce homon

A garin nan namu na Sakkwato in mace ta kuskura ta ce sha'awarta ta ɗauke, tun ba ta rufe baki ba amsoshi ukku na jiranta. Ta farko sanyi ne, je ki kyamis a haɗo miki ƙwayoyi. Ta biyu jinnul ashiƙ ne, a nemo hayaƙi da ruwan tofi. Ta ukku ita ce sabuwa wadda ta shigo mana ta waya, wai homon ɗinki ne ya rikice, ga wani haɗi nan na dubu kaza ki sha sati biyu ki dawo amarya. Kuma in kinka duba da kyau kowace amsa da mai sayar da maganinta tsaye a bayanta. Abin da ba a cika tambayar baiwar Allah ba shi ne, yaushe abin ya fara, kuma mi ya canza a jikinki ko a gidanki a daidai lokacin? Alhali wagga tambaya ita kaɗai tana warware rabin matsalar tun ba a ɗebi jini ba.

Homon dai gaskiya ne, ba ƙirƙirar 'yan kasuwa ba ce. Sinadarai ne da wasu gaɓoɓi ke zubawa cikin jini su tafi su ba wata gaɓa umarni. Waɗanda sunka shafi maganarmu su ne istirojin da furojestaron da ma'ajiyar ƙwai ke yi, sai testostaron wanda mutane ke ɗauka na maza ne kawai alhali mace ma tana da nata ɗan kaɗan, daga ma'ajiyar ƙwai da wata 'yar gaɓa da ke saman ƙoda, sai furolaktin mai kawo ruwan nono, sai na tayiroid da ke nan wuya inda maƙoƙo ke fitowa. Istirojin shi ke riƙe da fatar gaba ta yi kauri da laushi, jini ya riƙa gudana wurin, abin da muke kira ni'ima ya samu. In ya yi ƙasa wurin ya bushe, saduwa ta koma zafi da raɗaɗi, kuma jikin ɗan Adam ba ya marmarin abin da ke yi mishi ciwo, ko da kuwa zuciya na son mai shi.

Ko a wata ɗaya ma ba a tsaye yake ba. Mata da yawa in sun lura za su ga kwanakin da ƙwai ke shirin fita, wajen kwana na 14 ga mai zagayen kwana 28, jiki ya fi motsawa, bayan nan furojestaron ya hau sai abin ya lafa har al'ada ta zo. To ita ranar girki ba ta san da wanga lissafi ba, kwananki kwananki ne ko jiki ya shirya ko bai shirya ba, kuma a gidan da ake da abokiyar zama mace ba ta son a ce ta gaza, sai ta daure, daurewar kuma in ta yi yawa ita ma tana kashe ɗan abin da ya rage.

Inda na fi son mu tsaya shi ne jego da goyo, don a nan ne mafi yawan matanmu ke faɗawa kuma a nan ne ake fi yi musu mummunar fassara. Lokacin ciki istirojin na hawa sama ƙwarai saboda mabiyiya ce ke yin shi, ana haihuwa mabiyiya ta faɗo sai ya rikito ƙasa cikin 'yan kwanaki. A daidai lokacin kuma furolaktin na sama, duk tsotson da jariri zai yi, musamman na dare, ƙara ɗaga shi yake yi, shi kuma furolaktin in ya yi yawa sai ya danne saƙon da ƙwaƙwalwa ke aika wa ma'ajiyar ƙwai, ƙwai ya daina fita, al'ada ta ɗauke, istirojin ya zauna ƙasa. Shi ya sa mai goyo ke iya yin watanni ba ta ga jini ba, kuma shi ne dai ya sa take bushewa sha'awa ta yi sanyi. Abu guda ne ke kawo biyun. Amma mu sai mu yi murna da na farko mu ce Allah ya ba ta hutu, na biyun kuma mu ce ta canza wa miji, ko an yi mata asiri, ko ta mayar da hankali kan ɗa ta yar da uban.

Yanzu ki ɗora wanga kan yadda muke haihuwa. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna a Arewa maso Yamma mace na haihuwar 6.6 a matsakaici, a ƙasa baki ɗaya kuma 5.3. Mu kuma muna shayarwa har kusan shekara biyu, wanda abu ne mai kyau kuma addini ya zo da shi. To macen da ta yi aure tana ƙarama, ciki wata tara, goyo wata ashirin, kafin ta yaye wani ya shiga, sai ka ga ta yi shekara goma sha tana tsakanin ciki da goyo, jikinta bai taɓa samun wata shida a jere yana nashi lissafin ba. Iyayenmu da ke mayar da mai jego gida wanka ta yi arba'in ko fiye, ba su san sunan furolaktin ba amma sun san jiki na neman hutu. Yau an gajarta wanga hutu, ana gama arba'in an haɗo ta da tsumi da gumba da kaza an ce maza ki koma kar a ƙwace miki miji, ga ɗinkin ƙari bai gama warkewa ba, ga barci babu. Ba tsumi ne zai sauke furolaktin ba. Abin da ke taimako a wanga lokaci mai sauƙi ne, man santsi na ruwa irin K-Y Jelly da ake samu a kyamis, da haƙurin maigida, da a daina gaggawa. Yawanci in yaro ya fara cin abinci tsotso ya ragu, al'ada ta dawo, sai jiki ya dawo da kanshi.

Akwai dai wata lalura da ya kamata kowace ungozoma da kowace uwa ta sani, don a nan inda haihuwar gida ta fi yawa kuma zubar jini ke cin mata, ba tatsuniya ba ce. In mace ta zubar da jini mai yawa wurin haihuwa har ta galabaita, wata ƙaramar gaɓa da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa mai suna fituwitari, wadda ita ke ba sauran masu yin homon umarni, tana iya lalacewa don rashin jini. Wani likitan Birtaniya, Harold Sheehan, shi ya yi bayaninta a 1937 har anka sa mata sunanshi. Alamunta, ruwan nono ya ƙi zuwa, al'ada ta ƙi dawowa ko bayan an daɗe, gashin gaba da na hammata ya zube, kasala marar dalili, jin sanyi, sha'awa kuwa babu ita sam. Irin wagga mace tana iya yin shekaru ana yawo da ita wurin masu ruƙiyya ana cewa ta zama raguwa, alhali magani ne na maye gurbin homon da za ta riƙa sha ta miƙe. Haka nan wadda ba ta goyo amma nononta na fitar da ruwa, al'ada na yi mata tsalle, ga ciwon kai, a auna furolaktin ɗinta, sau da yawa ɗan ƙari ne marar mugunta a fituwitarin kuma ƙwaya ke narkar da shi.

Sai maganar tazarar haihuwa, wadda kullum in an taɓo ta sai a rabu biyu, masu cewa ita ce ta kashe mata da masu cewa ƙarya ne ba ta yin komai. Duk ba haka ba ne. Mafi yawan mata ba su jin wani canji, wasu ma sha'awarsu ƙaruwa take yi don tsoron ɗaukar ciki ya fita daga ransu, amma akwai kaso kaɗan da lalle abin na raguwa. Ƙwayar sha ta kullum mai haɗin homon biyu tana sa hanta ta ƙara yin wani furotin da ke kama testostaron ya ɗaure shi a jini, sai wanda ke aiki ya yi kaɗan. Allurar wata ukku, Depo-Provera ko Sayana Press, tana danne fitar ƙwai kuma tana rage istirojin, wasu sai su ji bushewa. Mai ashanar hannu kuma, wato 'yar robar tazarar da ake sakawa ƙarƙashin fatar damtse, wani lokaci ba homon ɗin ne ya dame ta kai tsaye ba, ɗigon jinin da ba ya yankewa ne, ba ta san tana da tsarki ko ba ta da shi ba, ina maganar sha'awa a nan. In kinka lura abin ya fara ne bayan kin soma wani tsari, ki koma inda anka ba ki ki faɗa musu kai tsaye a canza miki, akwai robar mahaifa mai jan ƙarfe wadda babu homon cikinta ko kaɗan. Kar ki yanke da kanki ki zauna shiru.

Wasu magungunan ma da ba a kawo su a rai suna yin ɓarnar. Magungunan ciwon damuwa irin su fuloksetin an san su da rage sha'awa da jinkirta gamsuwa, wasu na taɓin hankali kuma suna ɗaga furolaktin, amma wanda likita ya ɗora a kansu ba a ajiye su da ka, a koma a yi magana a canza. Tiramol da kodin suna danne homon na jinsi ga mace da namiji duka. Sannan ga deksa da 'yan mata da amare ke sha don su yi ƙiba su ciko kafin biki, da mayukan bilicin masu sitiroyid a ciki da ake shafawa shekara da shekaru, waɗanga suna kwantar da gaɓar nan ta saman ƙoda. Wato an gyara fata an ciko kumatu don a burge miji, an kuma taɓa abin da ake taƙama da shi.

Ɗaukewar al'ada ta manyanta, yawanci tsakanin shekara 45 da 55, ita ma ba mu yi mata adalci. Istirojin ya sauka ba zai koma ba, ga zafin jiki mai tasowa da gumin dare da rashin barci, ga bushewa da ke ƙaruwa da shekaru in ba a yi komai ba. Mace ta aurar da ɗiya tana da jikoki, kunya ba ta barinta ta ce saduwa na yi mata zafi, sai ta ce ita ta girma ta bar wa yara, maigida kuma ya ɗauki haka a matsayin izinin ƙaro aure. Alhali akwai istirojin na shafawa ko na sakawa a gaba, ɗan kaɗan ne ke shiga jini, likitan mata ke rubuta shi bayan ya duba tarihinta, musamman in akwai maganar sankarar mama. Wadda anka cire wa ma'ajiyar ƙwai duka biyu a tiyata kuwa, ita abin lokaci guda yake faɗo mata ko tana 'yar talatin.

To ga inda masu tallar homon ke yaudarar mutane. Babu wani gwajin jini da za a yi a ce ga lambar sha'awarki. Testostaron ɗin mace na raguwa a hankali tun daga shekarunta na ashirin, amma an sha samun mai kaɗan da ke lafiya lau da mai yawa da ke kuka. A 2019 manyan ƙungiyoyin likitocin homon da na ɗaukewar al'ada na duniya sun haɗu sun fitar da matsaya guda, cewa inda kawai hujja ta tabbatar da amfanin ba mace testostaron shi ne wadda al'adarta ta ɗauke kuma rashin sha'awar na damunta bayan an duba sauran dalilai, kuma da ma'aunin mace, ba allurar maza ba. In ya wuce kima gemu ne da ƙuraje da murya ta buɗe, muryar kuma ba lalle ta koma ba. A Amurka an amince da ƙwayar Addyi a 2015 da allurar Vyleesi a 2019, dukansu ƙwaƙwalwa suke taɓawa ba homon na mahaifa ba, kuma ribar da anka gani ba ta taka kara ta karya ba, ita Addyi ƙarin da ta yi a kan ƙwayar bogi bai wuce saduwa mai gamsarwa guda ba a wata, ga jiri da saukar jini. In kamfanonin da sunka zuba miliyoyin daloli nan sunka tsaya, ina ga haɗin gora marar suna da ake aiko miki a mota daga wani gari.

Ni yadda nike ganin homon, awa wutar NEPA ce, in babu ita fanka ba ta juyawa, amma don an kawo wuta ba shi ke sa ta juya ba in ba a kunna ba. Kuma abubuwan da ke hana kunnawar a gidajenmu sun fi na homon yawa. Binciken nan na 2018 ya samu kashi 58 cikin 100 na matan Najeriya masu shekarun haihuwa da ƙarancin jini, Sakkwato kuma tana sahun gaba da sama da kashi 70. Macen da ke haki in ta ɗauko bokitin ruwa, wace sha'awa ake nema wurinta da ƙarfe sha ɗayan dare? Ga ciwon suga da ke taɓa jijiyoyi ya kawo ƙaiƙayi da bushewa, ga tayiroid in ya yi sanyi, ga damuwa. Ga bazararmu ta Maris zuwa Mayu da zafi ke haura digiri 40, kowa ya fito tsakar gida da tabarma, yara a gefe, uwar miji a ɗaya gefen. Ga maganar da anka yaɓa mata da rana gaban kishiya wadda ba a ba ta haƙuri ba, sannan da dare a zo ana neman fara'a.

Akwai kuma kuskuren fahimta da ya kamata maza su ji. Wata likita a Kanada, Rosemary Basson, ta yi bayani a 2000 cewa mata da yawa, musamman waɗanda sunka daɗe da aure, sha'awa ba ta faɗo musu haka nan tun farko, sai an fara hira da wasa jiki ya amsa sannan ta biyo baya. Wato wadda ba ta taɓa nema da kanta amma in an bi da ita a hankali tana jin daɗi, lafiyarta ƙalau. Malam, in kai minti biyu ne ka juya ka yi minshari, shekara biyar ana haka, ba homon ɗinta ne ya lalace ba, jikinta ne ya koyi cewa babu abin da zai samu. Addininmu ma ai bai bar wurin ba, ya yi umarni da kyakkyawan zama kuma hadisi ya ambaci wasa tsakanin miji da mata. Su likitoci kansu ba su kiran abin cuta sai ya kai wata shida kuma yana damun ita macen, ba wai mijin kawai ba. Wani babban bincike a Amurka a 2008 kan mata sama da 31,000 ya samu kusan kashi 39 na cewa sha'awarsu ƙasa take, amma kashi 10 ne kawai abin ke damu.

Hakin maye kuwa, wato kayan mata, mu Sakkwatawa an san mu da shi har ana yi mana kirari, kuma ba duka ne zan zubar ba. Kunun aya da dabino da kwakwa, zuma, goron tula, kaza da ta ji haɗi, ciccibi, ai abinci ne, macen da ba ta samun nama sai da salla in ta ci kaza guda ita kaɗai dole ta ji ƙarfi, ga kuma natsuwar cewa ta shirya, wadda ita kanta tana aiki, don ko a gwajin magungunan Turawa masu shan ƙwayar bogi da yawa sun ce sun ji canji. Inda nike da ja shi ne matsi da duk abin da ake cusawa, su alimun da garin da ba a san mi ke ciki ba, da wanke ciki da sabulu ko Dettol ko ruwan zafi. Waɗanga suna busar da wurin ne su kashe ƙwayoyin halitta masu kare shi, matsewar da ake ji kumburi ne da bushewa, daga nan sai ƙaiƙayi da wari, sai a ce sanyi, sai a sha maganin kashe ƙwayoyin cuta ba awo, shi kuma ya ƙara share masu amfanin ya kawo farin ruwa mai kauri, sai a koma wurin mai matsi. Sanyi na gaskiya akwai shi kuma yana sa zafin saduwa, amma ana gane shi ne da awo kuma wani nau'in sai an yi wa miji magani tare, in ba haka ba ya yi ta dawowa.

Wadda abin ya dama ta tafi ɓangaren mata a UDUTH, wato Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko Asibitin Ƙwararru ko asibitin mata da yara na Maryam Abacha, in ta fi sakewa da likita mace ta nema, ba laifi ba ne. Kafin ta je ta zauna ta tuna, abin ya fara ne bayan wace haihuwa, ta zubar da jini ko a'a, tana goyo, wane tsari take yi, al'adarta na zuwa daidai, akwai zafi ko bushewa ne ko kuwa marmarin ne babu, sannan ta kwashi duk abin da take sha da wanda take shafawa da wanda take sakawa ta tafi da su a leda, har na mai hakin mayen, kar ta ɓoye. Yawanci za a fara ne da auna yawan jini da suga, a duba gaba, in alamu sun nuna a ƙara da tayiroid da furolaktin, kuma in son samu ne maigida ya raka ta ya shiga ya ji da kunnenshi, don in ita ta dawo gida ta ce likita ya ce goyo ne ko ya ce a riƙa bi a hankali, cewa zai yi ita ta ƙara da nata.